Me ke rufe matatun mai alhali man yana tsada?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa kusan kullum yana jin fetur da dizal sun ƙara tsada, amma a lokaci guda yana jin ana rufe matatun mai a Turai da Amurka da Ostireliya, wasu kamfanonin kuma sun karkata ga yin sinadaran da ake haɗa roba da su. Ya ce idan harkar tana da riba, me ke korar masu ita? Kasuwa ce ko dokokin gwamnati?

Amsa: Malam mai tambaya, sai mu fara raba abu biyu da mutane da yawa suke haɗawa. Mai haƙo ɗanyen mai daban, mai tace shi daban, ko da wani lokaci kamfani ɗaya ne ke riƙe da su biyun. Idan ɗanye ya yi tsada, mai rijiya ne ke dariya. Ita matata saye take yi, saboda haka tsadar ɗanye kuɗi ne ke fita daga aljihunta. Abin da take ci shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin gangar da ta saya da kuɗin abin da ta fitar daga cikin gangar.

Masu harkar suna da wani lissafin gaggawa da suke kira 3-2-1: ganga uku ta ɗanye, a ɗauka ta ba da biyu na fetur da ɗaya na dizal. A ce, don misali kawai, ɗanye dala 70 ne, fetur dala 84, dizal dala 90. Fetur ganga biyu 168, a haɗa da 90 ya zama 258, a cire 210 na ɗanyen, saura 48, a raba uku: dala 16 a kowace ganga. Wannan 16 ɗin ba ta zama riba ba tukuna. A cikinta za a biya gas ɗin hura tanderu, da lantarki, da iskar haidurojin, da katalis (sinadarin da ke hanzarta aikin sarrafa mai), da albashi, da inshora, da kuɗin ruwan bashi, a kuma ware na babban garambawul. Sannan babu matatar da ke fitar da fetur da dizal zalla. Akwai baƙin mai da gawayin mai da sau da yawa ake sayarwa ƙasa da kuɗin ɗanyen da aka saya. Shi ya sa fetur zai iya tashi a gidan mai alhali matata tana aiki a kan asara, muddin ɗanyen ya riga shi tashi.

Ƙari a kan haka, yawancin kuɗin da matata ke kashewa ba ya raguwa don an rage aiki. Ma'aikata suna nan, tanderu dole ya ci wuta, hasumiyoyin tace mai kuma suna da iyakar ƙarancin da za su iya aiki da shi. A 2020, da annobar korona ta tsayar da motoci da jiragen sama, matatu da dama sun rufe ba su sake buɗewa ba. Shekara biyu bayan nan, da yaƙin Yukiren ya rikita kasuwar dizal, waɗanda suka rage sun sami ribar da ba su taɓa gani ba. Wanda zai zuba biliyoyin daloli a na'urar da sai ta yi shekara ashirin ko talatin tana aiki kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba ya lissafi da shekarar daɗi guda ɗaya.

Kafin a gane yadda doka ke cizo sai an leƙa cikin gangar. Ganga ɗaya lita 159 ce, wato galan 42 na Amurka. Aikin farko a wanke gishiri da ruwa daga ɗanyen, a dafa shi a tanderu zuwa wajen digiri 350 ko 370, a tura shi cikin doguwar hasumiya inda kowane kaso ke fita a matakinsa: gas a can sama, sai nafta (mai mara nauyi da ake haɗa fetur da shi), sai kananzir, sai dizal, a gindi kuma ragowa mai kauri. Ba a yarda zafin ya wuce haka, domin man zai fara tsagewa ya bar gawayi a cikin bututun tanderu har ya toshe shi. Ragowar ana kai ta wata hasumiya da aka zuƙe iskar cikinta, don ta tafasa ba tare da an ƙara zafi ba. Matatar da aikinta ya tsaya a nan, abin da ɗanyen ya zo da shi kawai take samu. Wadda ke da na'urorin fasa mai mai nauyi ita ke juya ragowa ta koma fetur da dizal. Akwai FCC, wadda ke haɗa man da garin katalis mai zafi a digiri 500 da ɗoriya na 'yan daƙiƙu. Akwai na'urar fasawa da haidurojin, mai aiki a matsin da kan kai ninki 100 zuwa 200 na matsin iskar da muke shaƙa. Akwai kuma mai gasa ragowar ƙarshe ta zama gawayi. A matatun Amurka, inda irin waɗannan na'urori suka yawaita, ganga ɗaya takan ba da galan 19 zuwa 20 na fetur da 11 zuwa 13 na dizal, jimillar abin da ke fita kuma ya kai wajen galan 45, ya fi wanda ya shiga, saboda mai mai nauyi idan an fasa shi kumbura yake yi.

To a nan ne gizo ke saƙar. Kowace doka da aka rubuta a ofis, idan ta iso cikin matata na'ura take zama: tukunyar ƙarfe, da kwamfuresa, da bututu, da gas ɗin da za a ƙona. Matata mai na'urori da yawa takan iya haɗiye dokar. Ƙarama mai sauƙin gini ita ce kullum ke shaƙewa.

Dokar farar wuta ita ce babban misali, kuma ita ta fi canza fuskar masana'antar a shekaru ashirin da suka wuce. Amurka ta sauko da farar wutar dizal na motoci zuwa ppm 15 daga 2006. Tarayyar Turai ta sa ppm 10 daga 2009. Indiya ta yi tsalle daga ppm 50 zuwa 10 a watan Afrilun 2020. Ma'anar ppm 10 shi ne giram 10 kacal a cikin tan guda na mai, alhali ɗanye mai nauyi irin Maya na Meziko yana zuwa da farar wuta sama da kashi 3 cikin 100, wato sama da kilo 30 a tan guda. Dalilin dokar kuwa mai ƙarfi ne: farar wuta tana kashe na'urorin tace hayaƙi na mota, kuma hayaƙinta yana cutar da huhu. A ganina babu mai hankalin da zai nemi a koma baya. Amma a dubi yadda ake cire ta. Ana haɗa dizal da haidurojin, a dafa su, a bi da su ta cikin tukunya cike da katalis na kobal da molibdinam, ko nikel da molibdinam. Farar wutar ta rabu da man ta kama haidurojin ta zama iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan iskar sai an kama ta da ruwan amin, a kai ta wata na'ura da ke mayar da ita garin farar wuta. Na'ura uku ke nan saboda layi ɗaya na doka.

Kuma wahalar ba daidai take tafiya ba. Saukowa daga ppm 500 zuwa 50 abu ne da tsohuwar na'ura za ta iya idan an canza mata katalis. Daga 50 zuwa 10 ne ake gumi, domin farar wutar da ta rage tana ɓoye ne a cikin wasu ƙwayoyi masu zobba da ke kare ta daga katalis. Sai an fara cika zobban da haidurojin kafin a kai gare ta, wanda ke nufin ƙarin matsi. Tukunyar da aka ƙera don matsi kaɗan ba a ƙara mata kauri, sai dai a sayi sabuwa. Wasu sukan gwada ƙara zafi maimakon matsi, sai katalis ya yi saurin mutuwa, wanda ake sa ran zai kai shekara uku ko huɗu ya gaji tun kafin lokacinsa, launin dizal ɗin ma ya lalace. Dizal da aka wanke sosai kuma yana rasa santsin da ke kare famfon injin, sai an zuba masa sinadarin ƙara santsi. A ɓangaren fetur matsalar wata ce: yawancin farar wutarsa daga naftar FCC take fitowa, kuma wankinta da haidurojin yana rage ƙarfin oktan, wato ma'aunin ingancin fetur wajen ƙonewa a inji, sai an nemo oktan ɗin daga wani wuri.

Daga ina haidurojin ɗin zai fito? A da, na'urar da ke ɗaga oktan na nafta ita ke ba da shi kyauta, a matsayin rarar aikinta. Sai dai ita ce kuma ke samar da benzin, sinadarin da ke jawo sankarar jini, wanda Turai ta ƙayyade shi a kashi 1 cikin 100 na fetur, Amurka kuma ta sa matsakaicin kashi 0.62 daga 2011. Rage benzin yakan zo da rage haidurojin kyauta, a daidai lokacin da dokar farar wuta ke neman ƙari. Mafita ita ce a gina masana'antar haidurojin mai haɗa iskar gas da tururi, wadda kowane kilo ɗaya na haidurojin da ta fitar yana zuwa da kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon. Ga doka ta ce a tsabtace mai, ga wata dokar tana cajin kabon ɗin da tsabtacewar ta haifar. Gaba kura baya sayaki. Duk wanda ke son sanin lafiyar wata matata, ya tambayi inda take samun haidurojin da kuma nawa gas ke tsaya mata.

Ragowar mai kauri ma ta rasa tsohuwar mafakarta. Shekara da shekaru jiragen ruwa ne ke shanye baƙin mai mai farar wuta. Daga 1 ga Janairun 2020 hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta sauko da iyakar daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100, sai fa jirgin da ya sa na'urar wanke hayaƙi. A wasu tekuna, kamar Baltik da Tekun Arewa, iyakar kashi 0.1 ce tun 2015. Matatu sun shiga gauraya mai iri-iri don su kai kashi 0.5, sai wata matsalar ta ɓullo: man da aka haɗa a tashoshi biyu, kowanne lafiya lau a karan kansa, idan suka haɗu a tankin jirgi sai su saki laka mai kama da kwalta ta toshe abin tace man injin. Akwai kuma ɓurɓushin katalis na FCC da ke bin ragowar, mai cin silinda kamar yashi.

Sai dokokin gauraya man tsirrai. Birazil ta daɗe a kan kashi 27 na itanol (barasar da ake yi daga rake ko masara) a fetur kafin ta ɗaga zuwa 30 a 2025, Indonisiya ta kai kashi 40 na man ja a dizal, Indiya ta kai kashi 20 na itanol. Kowace lita ta itanol kasuwar matata ce ta ragu, wannan a fili yake. Abin da ba a cika gani ba shi ne wahalar aikin. Itanol yana jan ruwa, shi ya sa ba a tura shi ta bututun da fetur ke bi. A defo ake gauraya shi, dab da loda tanka. Yana kuma ƙara wa fetur saurin tashi sama, don haka dole matata ta rage iskar butan mai araha daga abin da take aikawa, musamman a lokacin zafi.

Tsarin Amurka ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda wurin da aka ɗora nauyin doka ke raba masu ci da masu asara. Dokar ta fara a 2005, aka faɗaɗa ta a 2007 da burin galan biliyan 36 na man tsirrai zuwa 2022, burin da ba a cimma ba. Nauyin yana kan matatu da masu shigo da mai. Kowane galan na itanol yana zuwa da lambar shaida da ake kira RIN, wadda ke rabuwa da shi lokacin gaurayawa, kuma ana saye da sayar da ita. Kamfanin da ke da matata da defo da gidajen mai yana tara lambobinsa da kansa. Wanda matata kaɗai gare shi sai ya saya a kasuwa. A 2013 farashin RIN ya tashi daga 'yan santoci zuwa sama da dala guda, domin adadin da doka ke nema ya zo daidai da iyakar kashi 10 da yawancin fetur ɗin ƙasar ke ɗauka. Lokacin da kamfanin Philadelphia Energy Solutions ya bayyana karyewa a farkon 2018, kuɗin RIN ya ɗora wa laifi. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta sha cewa matatu suna dawo da wannan kuɗi ta farashin da suke sayar da mai. Har yau ana shari'a a kan sassaucin da ake yi wa ƙananan matatu masu tace ganga 75,000 ko ƙasa da haka a rana.

Wasu kamfanonin sun ga tunda ba za su iya hana man tsirrai ba, gara su yi shi da kansu. Eni ta juya matatarta ta Benis a Italiya a 2014, Total ta juya La Mède ta Faransa a 2019, Phillips 66 ta juya Rodeo ta Kalifoniya a 2024. Ana amfani da tsofaffin tukwanen haidurojin a sarrafa man girki da aka gama amfani da shi da kitsen dabbobi su zama dizal da man jirgin sama. Sai dai kitse yana shan haidurojin ninkin-ba-ninkin abin da dizal ɗin ɗanye ke sha, yana fitar da zafi mai yawa a tukunya, kuma fosforas da ƙarafan da ke cikinsa suna kashe katalis idan ba a wanke shi da kyau ba. Matatar da aka juya kuma takan fitar da ƙaramin kaso ne na abin da take tacewa a da, da ma'aikata kaɗan. Ribar tana rataye ne da tallafi da dokar tilas, kamar ta Turai da ta sa kashi 2 na man jirgin sama ya zama irin wannan a 2025, kashi 6 a 2030.

Kuɗin kabon a Turai ya fara tun 2005, kuma matatu suna cikin masu biya, ko da yake ana ba su wani kaso na izinin fitar da hayaƙi kyauta bisa ma'aunin matatun da suka fi inganci. Kukan da suke yi shi ne dizal ɗin da ya taso daga Gabas ta Tsakiya ko Indiya bai biya wannan kuɗi ba, kuma sabon harajin kabon na kan iyaka ya shafi siminti da ƙarfe da alminiyam da taki da lantarki da haidurojin ne, bai shafi tataccen mai ba. Kukan yana da hujja, domin idan matata ta rufe a Turai aka ci gaba da ƙona dizal ɗin da aka tace a wani wuri, hayaƙin ƙaura kawai ya yi. A gefe guda dokar Turai ta 2023 da ta nufi daina sayar da sababbin motoci masu hayaƙi a 2035, duk da ja-in-jan sassauta ta, ta isa ta sa mai jari ya yi tunani sau biyu.

Game da farashi da ciniki ba sai an tsawaita ba. Duk gwamnatin da ta danne farashin gidan mai ƙasa da na kasuwar duniya ba tare da biyan gibin a kan kari ba, layi take saya. Hangari ta ƙayyade farashi daga Nuwamban 2021, masu shigo da mai suka janye, ta soke dokar a Disamban 2022 bayan gidajen mai sun bushe. Idan riba ta yi yawa kuma sai harajin garaɓasa, kamar wanda Indiya ta sa a Yulin 2022 ta cire a Disamban 2024. Takunkumi ma yana sake zana taswirar: da Turai ta daina sayen tataccen man Rasha a Fabrairun 2023, dizal ya koma zuwa mata daga nesa, matatun da ke samun ɗanyen Rasha da rangwame suka ci moriya. Chaina kuwa da takardar izini take sarrafa yawan man da matatunta za su fitar waje, kuma ƙari ko ragin wannan izini yana motsa ribar matatun Asiya baki ɗaya.

Yanzu ga dalilin komawa sinadarai. Ana sa ran buƙatar fetur za ta tsaya ko ta ragu saboda motocin lantarki da injuna masu tsimin mai, amma buƙatar roba da zaren tufafi da kayan gini tana bin yawan jama'a da arzikinsu. Tsohuwar matata ɗan ƙaramin kaso na gangarta ke zama sinadarai. Sababbin manyan matatun Chaina, irin Hengli ta Dalian mai ganga 400,000 da Zhejiang mai ganga 800,000 a rana, tun daga zane aka tsara su don kaso mai tsoka na ɗanyen ya koma sinadarai. Zuciyar wannan masana'anta ita ce tanderun da ke fasa mai da tururi a zafin da ya haura digiri 800, cikin ƙasa da daƙiƙa guda, a sanyaya shi nan take don kada etilin ɗin da aka samu, wanda shi ne tushen yawancin roba, ya sake rikiɗa. Abin da aka ciyar da tanderun shi ke yanke hukunci. Itan, wata iska da ake cirowa daga iskar gas, tana ba da etilin wajen kashi 80 cikin 100, nafta kuwa wajen kashi 30, sauran ya fito a matsayin furofilin da butadayin da dangin benzin. Amurka da ƙasashen Tekun Fasha suna da itan mai araha. Turai da Japan da Koriya ta Kudu nafta suke dogaro da ita, mai bin farashin ɗanyen mai.

Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya ruga ƙofa ɗaya. Chaina, wadda ita ce babbar mai saye, ta gina nata masana'antun, har da masu yin etilin daga kwal, kaya suka yi wa kasuwa yawa. ExxonMobil ta rufe tanderunta na Gravenchon a Faransa a 2024, SABIC ta rufe ɗaya daga cikin nata a Geleen ta Holan, a 2025 kuma gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa kamfanoninta suka amince su rage ƙarfin tanderunsu na nafta. Wannan yana komawa kan matatu kai tsaye, domin idan tanderun da ke maƙwabtaka ya mutu, matata ta rasa mai sayen naftarta, ta kuma rasa haidurojin da yake mayar mata.

Dokar roba ita ma tana tafe. A Maris na 2022 ƙasashen duniya suka amince a Nairobi za su tsara yarjejeniyar yaƙi da gurɓatar roba, amma zaman Busan a ƙarshen 2024 da na Janiba a Agustan 2025 duk sun watse ba matsaya. Abin da ya raba su shi ne ko a ƙayyade yawan robar da ake ƙerawa, ko a tsaya kan kwashe shara da sake sarrafawa. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa. Kafin a sami yarjejeniya kowa nasa yake yi: Turai ta wajabta kashi 25 na tsohuwar roba a gorunan abin sha na robar PET daga 2025, Birtaniya na karɓar haraji tun Afrilun 2022 a kan robar ƙunshe kaya da ba ta kai kashi 30 na tsohuwa ba. Narkar da sharar roba ta koma mai don ciyar da tanderu abu ne mai yiwuwa, amma kolorin da ke fitowa daga robar PVC yana cin bututu, don haka kaɗan-kaɗan ake gauraya shi da nafta.

Akwai wani ɓangare da ba ya fitowa a lissafin 3-2-1, shi ne tsufan ƙarfe. Babbar matata ta ƙarshe mai cikakkun na'urori da aka gina daga tushe a Amurka ita ce ta Garyville, a 1977. Matatar Philadelphia ɗin nan da ta koka da RIN, abin da ya ƙarasa ta gwiwar bututu ce guda ɗaya. Da asubahin 21 ga Yunin 2019 gwiwar ta fashe a sashen da ke amfani da wani asid mai guba da ake kira HF. Binciken hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ya gano an sa ta tun wajen 1973, ƙarfenta na ɗauke da tagulla da nikel fiye da na bututun da ke kusa da ita, asid ɗin ya fi saurin cin ta har kaurinta ya koma kamar rabin katin banki, kuma ba a kanta ake auna kauri ba. Wani ɓallin tukunya mai nauyin wajen tan 17 ya tsallake kogi. Matata mai ganga 335,000 a rana ba ta sake tashi ba. A Richmond ta Kalifoniya a 2012 farar wuta ce ta cinye bututun da ƙarfensa ke da ƙarancin silikon. A Texas City a Maris na 2005 mutum 15 suka mutu lokacin tayar da na'ura bayan gyara, da aka cika hasumiya ta yi ambaliya. Tayarwa da kashewa su ne lokutan da suka fi haɗari, kuma gyaran da aka ɗage don riba ta yi ƙasa bashi ne da ake biya da ruwa.

Shi ya sa sanarwar rufewa takan zo ne dab da babban garambawul. Duk shekara huɗu zuwa shida sai an kashe na'urori na makonni, a buɗe tukwane, a canza katalis, a auna bututu, a kawo dubban 'yan kwangila, ga kuɗin aiki ga asarar kwanakin da ba a tace komai ba. A nan ne hukumar kamfani ke zama ta tambayi kanta ko shekaru biyar masu zuwa za su biya wannan kuɗi, ganin ga Jamnagar ta Indiya mai sama da ganga miliyan ɗaya a rana, ga Al-Zour ta Kuwait mai 615,000, ga Dangote mai 650,000, sababbi ko manya, masu tace ganga da araha. Idan amsar a'a ce, ba a cika rushe wurin gaba ɗaya ba, domin share ƙasar da ta sha mai shekara da shekaru yana da tsada. Sai a bar tankuna da tashar jirgi, a mayar da wurin defon shigo da tataccen mai. Haka aka yi wa Marsden Point, matata ɗaya tilo ta Niyu Zilan, a 2022, haka aka yi wa Grangemouth ta Sikotilan a 2025. Ostireliya da ta ga saura biyu suka rage mata, Geelong da Lytton, sai ta kafa doka a 2021 da ke biyan su tallafi a duk lokacin da tazarar ribarsu ta faɗi ƙasa da wani mataki, ta kuma wajabta wa masu shigo da mai ajiye na wasu kwanaki a tankunansu.